Ajiyar Mai Girma, Ko Ƙwarzane Babu

Jama'a, shekaranjiya na sha rana har na gode Allah. Tun da hantsi na hau kabu-kabu zuwa wani ofishi nan Wurno, wanda ba zan kama sunanshi ba don ina son in ci gaba da kwana gidana. Can anka rubuta sunayen manoman rani da damina, anka ɗauki hotunanmu da yatsunmu, anka ce za a ba mu injin ban ruwa. Irin albasata ya isa dashe, in sati ya wuce babu ruwa, noman bana ya wuce ni.

Akawun ofishin, Malam Yari, ya dube ni ya ce, "Baba Maccido, kwamfuta ta mutu."

Na ce, "Allah ya jiƙanta. To sunayenmu fa?"

"Cikinta suke."

Maƙwabcina Bube, da munka zo tare, ya fara salati. Ni ko ban damu ba, don na tuna bara an tara mu an yi gagarumin biki, an sha lemo, an yanke ƙyalle, shugaban ofishin, Mai Girma Sarkin Kujera Mai Juyawa, ya ɗaga wani ɗan abu kamar akwatin ashana ya ce sunanshi SSD, daga yau bayanan talakawa ba su ƙara ɓata. Har tafi na yi, Allah ya yafe mini.

Anka kira Lukman mai gyaran kwamfuta na bakin kasuwa. Kafin Mai Girma ya iso da makullin ɗakin da anka ajiye abin na ce, "Lukman, wai mi ne SSD ɗin nan?"

Ya ce, "Baba, ma'ajin bayanai na. Tsohon faifan da ya mutu cikin kwamfutar nan juyawa yake kamar dutsen injin niƙa, in ya gaji ko ya bugu, shi ke nan. Shi wannan babu abin da ke motsi cikinshi, ga sauri, ko kan babur ka ɗauke shi zuwa Goronyo bai damu da gargada ba. In za ka saya, nemi wanda ya ninka abin da kake son ajewa, kuma ka guji na arha, ana rubuta mishi girman rumbu alhali cikinshi bai kai ƙwarya ba. Kuma ba a barinshi shekaru babu wuta, ba a dogara gare shi shi kaɗai. Kwafi biyu, wuri biyu."

Bube ya ce, "Ashe dai kamar iri na. Wane mahaukaci ka zuba irinshi duka rumbu guda?"

Sai ga Mai Girma, babbar riga na shara. Ya buɗe ƙofa, ya buɗe akwatin ƙarfe, ya fito da jakar fata, ya zaro abin. Jama'a, yana cikin kwalinshi. Ledar kamfani ma ba a yage ba.

Lukman ya ce, "Ranka ya daɗe, ba a taɓa jona shi da kwamfuta ba?"

"Jonawa? Wanda ya kawo kwangilar cewa ya yi na ajiya ne. Na ko ajiye shi. Duba da kyau, ko ƙwarzane babu."

Wallahi gaskiya ya faɗi, kuma ina kira ga duk mai riƙon amana ya zo ya ɗauki darasi. An ce ajiya, bawan Allah ya yi ajiya. Rashin sani, kaza ta kwana kan dami, amma ita kaza ba ta yanke ƙyalle ba.

Lukman ya yi ta bayanin cewa sai an riƙa kwafe bayanai ana zubawa ciki, ko da sati-sati ne. Mai Girma ya ce ai da an yi haka da abin ya tsufa, kuma kayan hukuma ne, ba a wasa da su.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, irina na bushewa. Mu ɗari uku, ina sunayenmu?"

Ya yi murmushi ya buga goshi da yatsa. "Kwantar da hankalinka, Baba. Duk suna nan cikin kaina."

Jiya anka manna sabon jeri a bango, wanda Mai Girma ya zauna ya faɗa Malam Yari ya rubuta. Na karanta daga sama har ƙasa, na sake daga ƙasa har sama. Ga surukanshi, ga 'yan ɗakinshi, ga direbanshi, ga wani da ni kaina na bi gawarshi shekara huɗu da sunka wuce. Babu Maccido, babu Bube.

Yanzu na ari guga da igiya, ina ban ruwa da hannu, abin da ya rayu nawa ne. Amma ku masu neman ma'ajin da ba ya mutuwa, ku bar wahalar zuwa kasuwa, ku nemi irin kan Mai Girma. Ba ya son wuta, ba ya tsoron gargada, kuma tun da anka ƙera shi bai taɓa ɓatar da sunan suruki ko guda ba.