Ranar da Na Rabar da Faya-fayaina a Rano

Har in mutu ba zan manta da fargabar da na tafi da ita Rano ba. Tsorona ɗaya: kada Ummi, goyona, ta tsala ihu gaban manyan mutane.

Hajiya Bilki ce ta gayyace ni wani baje kolin kayan sana'ar hannu. Matar nan ta ajiye koyarwa, ta shekara da shekaru tana bin ƙauyuka daga Dawaki har Unguwar Gai, tana zaƙulo masu saƙa da masu zanen ƙwarya, tana faɗa da dillalan da ke kai aikinmu birni su ce nasu ne. Ta ce alƙalai za su zagaya baje kolin, wadda aikinta ya burge su za a kai ta Kano.

Na jera faya-fayaina a tebur. Wani dattijo ya tsaya ya ce, "Kai, wannan ya yi kyau!"

To, mu a gidanmu, baƙo ba ya yaba abu a bar shi ya tafi hannu sake. Na durƙusa na ce, "Ɗauka mana, Baba, ai ba komai."

Wata ta yaba, na miƙa. Ƙawarta ta yaba, na miƙa (har da godiya nake yi musu, ku ji fa). Da alƙalai suka iso, ba komai a teburin sai hular Ummi.

"Maman Ummi, ina kayan?" in ji Hajiya.

"Sun yaba ne, Hajiya."

Aka kwashe da dariya. Na ji kamar in shige ƙarƙashin teburin. Ummi kuwa barcinta take sha, ni uwar ce na kunyata mu.

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta karɓi lasifika ta ce, "Duk mai riƙe da faifan yarinyar nan, ya ɗaga shi sama!"

Sai ga su ko'ina, ja da kore da ruwan ɗorawa, a saman kawunan jama'a.

"Alƙalai, ga baje kolinta nan. Ku kuma ku zo ku biya, yabo ba ya sayen kaba."

Dattijon nan ne ya fara zuwa, yana sosa ƙeya. Aka zaɓe ni zuwa Kano.

Yanzu in an yaba, "Na gode" nake cewa, in danne hannuna a hammata. Don Allah, in kun ga teburina, ku yaba sau ɗaya kawai. A na biyu hannun nan ƙwacewa yake.