Jan Ƙarfe a Ƙofar Gidan Baffa

Ba na jin zan taɓa mantawa da yammacin da na je gaida baffan Rukayya, yarinyar da nake nema, a Ajingi. Lokacin ina koyar da kimiyya a wata sakandare a garinmu Gaya, ina kuma karatun digiri na biyu a Kano, kaina ya kumbura kamar fanke a mai. Mahaifin Rukayya ya ce maganar aurenta tana hannun yayansa, don haka sai Baffa ya gan ni ya gamsu kafin a ba ni izinin turo magabata.

Na sha farar shadda, abokina Nura ya goya ni a babur. Muka tarar da Baffa a ƙofar gida kan darduma, dattijo kakkaura mai fara'a, mutanensa sun kewaye shi ana ɓarar gyaɗa ana hira. Muka durƙusa muka kwashi gaisuwa.

"Malam, an ce bincike kake yi a jami'a," in ji Baffa. "A kan me?"

Da ina da wayo, da na ce "kimiyya ce, Baffa," na ja bakina. Ina! Sai na gyara zama.

"Baffa, ƙwayar ƙarfe ce 'yar mitsitsiya, kamar ta jan ƙarfe, wadda aka ƙwace wa ilektaron biyu, wato ƙwayoyin lantarkin jikinta. A cikin ruwa lafiya lau take zaune. Amma in aka fito da ita cikin iska, duk abin da ya matso sai ta fizge masa nasa, su tarwatse. Aikina shi ne gano abubuwan da za a kewaye ta da su ta natsu. Ligan muke ce musu." (Tsakani da Allah, ko na'urar da ake gwajin ban taɓa gani ido da ido ba. A kwamfuta nake lissafina, shi ma in an kawo wuta.)

Wani daga gefe ya ce, "Au, gas ɗin girki kake haɗawa?" Aka yi dariya. Raina ya ɗan sosu, na ce bari in sauko musu da abin ƙasa kamar yadda nake yi wa 'yan aji.

"Ga misali. Kamar ɗan siyasar da ya sha kaye sau biyu ne. Yunwa ta kama shi, ido ya rufe, duk wanda ya raɓe shi sai ya tatse shi. Sai an tara masa 'yan koren da za su zagaye shi suna cewa, 'Ranka ya daɗe, ai maguɗi aka yi,' sannan hankalinsa zai kwanta."

Wurin ya yi tsit. Nura ya mintsine ni a cinya. Ni kuwa na ɗauka shirun na burgewa ne, har na ƙara da cewa, "In kuma 'yan koren suka yi kaɗan, fashewa yake yi."

Baffa ya ajiye gyaɗar hannunsa. "Sau biyu ka ce, Malam?"

"Sau biyu, Baffa."

"To ni ma sau biyu na nemi kansila, sau biyu na sha ƙasa." Ya nuna mutanen da ke zaune ɗaya bayan ɗaya. "Waɗannan su ne... me ma ka kira su?"

"Ligan," na ce, da wata murya irin ta ɗan tsako.

Na ƙura wa ƙasa ido ina neman ramin shiga. A zuciyata na riga na yi sallama da Rukayya, ina tunanin abin da zan gaya wa Inna in na koma gida.

Sai mutumin nan na gas ya ce a hankali, "Amma dai Alhaji, maguɗin fa aka yi."

Baffa ya tuntsire da dariya har yana share hawaye da hannun riga, sauran suka bi. Da ya lafa ya ce, "Matata Hajiya ta daɗe tana son gaya min wannan, kalmar ce ba ta samu ba." Ya dube ni. "Yaro, ba ka iya magana ba, amma ba ka iya ƙarya ba. Na farkon yana gyaruwa. Ka turo magabatanka."

Yanzu haka Rukayya tana ɗakina, karatun ma ya kusa kammala. Kwanaki Baffa ya kira ni a waya, wai zai sake fitowa takara, yana tambaya ko ƙarfen da ya rasa uku yana zaunuwa. Na ce yana zaunuwa, Baffa, sai dai a ƙara ligan. Ya ce ya sa sunana a ciki.

Tun daga ranar nan, kafin in kawo misali a gaban mutane, sai na fara tambayar tarihin mai darduma.