Man Shanu a Fedar Baba Bukar

Shekarar da muka jefa ƙuri'ar zama a Najeriya ko Kamaru, fedar keken surukina, Baba Bukar, ta fara kuka. Zai kai wa mai gyara, na ce, "Haba Baba, hannun nan nawa da yake rubuta ajami ne feda za ta gagara?"

Na yi bisimilla na kwance ta, na wanke boris ɗin, ƙananan ƙwallayen ƙarfen cikinta, da kananzir, sannan na tuna ba ni da giris. Na cika ta da man shanu, na ce masa ai duk mai ɗaya ne. Kuka ya tsaya, har Baba ya sa mini albarka.

Washegari ya hau zai tafi ɗaurin aure a garin Digil, ashe cinnaku sun tare a fedar. Yana isa bakin mayo, wato rafi, suka haura cikin wandonsa. Dattijon da ko hularsa ba ta karkacewa, sai ga shi yana tsalle gaban mata masu wanki.

Ranar sunan ɗana ya aiko da gwangwanin giris, aka faɗi saƙonsa gaban jama'a: "A zuba wa Malam a tuwo, ai duk mai ɗaya ne."