Fambel a Aljihun Jallabiya

Ba zan taɓa mantawa da yammacin Juma'ar da na kashe farar kunkuru ba. Ko na so in manta ma ba za a bar ni ba, domin har gobe a unguwar Shifa akwai masu gaishe ni da sunan da na samo a ranar.

Ni direba ne. Karatuna bai wuce in rubuta sunana in karanta allon hanya ba, amma tuƙi kam na iya, ko wanda ba ya ƙaunata zai shaida. Na zo Riyad tun gemuna baƙi ne, na yi wa wani dattijo tuƙi har Allah Ya karɓi ransa, igamata, wato takardar izinin zamana, ta koma hannun babban ɗansa, Abu Nasir. Ni na koya wa Abu Nasir ɗin yadda ake fakin, yau ga shi shi ne kafil ɗina, uban gidan da nake zaune a ƙasar da sunansa. Ban taɓa jin haushin wannan ba. Haushina daban ne, ina zuwa.

Abu Nasir yana da wata cuta, cutar tsofaffin motoci. Kunkurun nan da muka sani a Kano da can, mai inji a baya, wadda ba ta da lagireto, ba ta shan ruwa, fanka ce kawai ke hura mata iska. Yana da guda biyu: shuɗiya wadda ya saya ya ƙara wa inji ƙarfi, da fara wadda ya gada daga mahaifinsa. Idan sanyi ya shigo, shi da abokansa sukan fita wani filin tsere a bayan gari ta hanyar Dirab, Juma'a bayan la'asar. Tseren ba na zagaye ba ne. Mota biyu za su jeru, fitila ta yi kore, a miƙe tsaye, wanda ya riga isa ƙarshe ya ci. Kafin ka gama hamma an gama. Manyan mutane da furfura, a kan wannan suke ihu. To bayansa ya soma ciwo, likita ya hana shi, ya zama sai ya nemi mai ja masa shuɗiyar.

Duk mai hankali ya san wa ya kamata a ba. Sai aka ba Ilu.

Ilu Badamagare ne, kuma (nan ne abin ke min ciwo) ni na kawo shi gidan. A wani masallaci a unguwar Nasim na tsince shi, ya rabu da kafil ɗinsa, yana kwana a ɗakin mutane. Na yi masa magana aka ɗauke shi wankin mota a istiraha, wato gidan shaƙatawar Abu Nasir inda motocin ke kwana. Ashe ya taɓa zama a gareji a Damagaram. Sanyi bai zagayo ba sai da ya zamana Abu Nasir ba ya gama amsa sallamata sai ya tambaye ni ina Ilu. Aka ɗinka masa riga da sunansa a baya. Larabawa suka koma ce masa kaftin. Idan an dawo daga tsere yana kan darduma a tsakiyarsu, ni ina tsaye da butar gahawa ina zubawa, har da shi. Hotonsa ya yi ta yawo a waya har ya isa Kano, matata ta kira ni tana tambaya wai ba wannan ne wanda na kwaso a masallaci ba, ma sha Allah. Na ce mata layin ba kyau.

Da ma a ce yana da girman kai, da na samu abin riƙewa. Ba shi da shi. Yaya yake ce min, in an kawo shinkafar kabsa shi zai turo min tsokar da ta fi kyau. Sai dai wasan nan na Damagarawa da Kanawa, ya miƙo min hularsa kafin ya shiga mota ya ce, “Bakano, riƙe min, amma kada in dawo in tarar ka sayar.” Kowa ya yi dariya, ni ma in buɗe haƙora ba don na so ba.

Na sa masa ido. Na ce wa kaina ba yadda za a yi mai wankin mota ya fi ni tuƙi, akwai dai wani abu da yake yi. Kuma na gano shi. Duk lokacin da layi ya kusa zuwa kansa, sai ya zagaya baya ya buɗe inji, ya sa sukudireba ya zare fambel, bel ɗin nan da ke juya fanka, ya jefa a kujera. Na bi ta gefe na tambayi wani bakanike ɗan Sudan, kamar hira ce kawai. Ya ce ai fanka tana cin ƙarfin inji, in ka cire bel ɗin duk ƙarfin sai ya tafi taya. Ya buɗe baki zai ƙara wani abu, ni kuwa na riga na yi gaba. Na samu abin da nake nema. Ashe ba iyawa ba ce, fambel ne.

Akwai abu ɗaya da ya kamata ku sani game da ni a lokacin. Ban taɓa kallon tseren Ilu har ƙarshe ba. Da na ga shuɗiyar ta wuce abokiyar karawarta, sai in juya baya in tafi wajen filas ɗin shayi in yi ta goge kofunan da ba su da datti, don kada in ga ana rungumarsa. Abin da ke faruwa a can ƙarshen fili, ban san shi ba.

Na samu Abu Nasir na ce ya ba ni farar in gwada. Da farko ya ƙi. Motar nan a cikinta mahaifinsa ya ɗauko mahaifiyarsa tana amarya, ba ta fita sai da dalili. Na tuna masa shekarun da na yi ina wanke ta, na tuna masa wa ya koya masa fakin (ban ji kunya ba). Ya gaji ya ce to, sau ɗaya, amma a hankali, kada in matsa mata. Abokansa da suka ji sai suka mayar da abin nishaɗi, suka ce a jera ni da Ilu, a ba fara rata tunda injinta na gida ne. Na yi kwanaki ina hango kaina a kan dardumar nan, Ilu da butar gahawa.

Ranar, da muka isa fili, Ilu ya zo yana goge hannu ya ce, “Yaya, bari in duba maka ita.” Na ce masa na fara tuƙa kunkuru tun yana tallan goro, ya je ya ji da tasa. Na ja motar na kai ta bayan banɗakuna inda ba kowa, don kada a ce na kwaikwaye shi. Na sha fama kafin bel ɗin ya fita, har na ɓare ɗan yatsa. Na naɗe shi na cusa a aljihun jallabiyata na gefe, mai zurfin nan. Na tayar da mota. Wata jar fitila ta kama a gabana ta ƙi mutuwa. Na taɓa hango irinta a motar Ilu, don haka na ɗauke ta alamar na shiga sahun manya. Na rataya carbina a kanta.

Layi ya yi tsawo ranar. Na lura duk sauran injinsu a kashe yake, turawa suke da hannu kaɗan-kaɗan. Na yi musu dariya a zuciyata, na ce dubi rowa, a ƙasar fetur ana tsimin fetur. Ni kuwa ina zaune inji na aiki, lokaci-lokaci in taka totur don a waiwayo. Aka kuwa yi ta waiwayowa. Can wani wari ya soma tasowa, kamar an manta man gyaɗa a kan wuta. Na ce na motar gabana ne. Ilu, yana tura shuɗiya a gefena, ya ƙwanƙwasa min gilashi ya ce in kashe ta mana, tana ƙauri. Na ƙarasa ɗaga gilashin.

Muka jeru. Na sa hular kwano, na damƙe sitiyari. Fitilata ta yi kore, na saki kuloci na take totur har ƙasa, a hankalin da aka ce min duk na bar shi a bayan banɗaki. Ta zabura, gaskiya ta zabura, na ji daɗin da ban taɓa ji ba. Daɗin bai kai tsawon sahu ɗaya na masallacin Juma'a ba. Sai na ji kamar an zuba cokula a injin markaɗe, sannan wata ƙara guda ɗaya mai nauyi a bayana, sannan shiru. Hayaƙi ya cika motar. Inji ya buga.

Ilu bai ma tashi ba. Tasa fitilar ta yi kore yana tsaye a kaina da tukunyar kashe gobara, yana jan ƙofa yana tambaya ko lafiyata ƙalau. (Ko cin nasarar ma bai tsaya ya yi ba, don ya ƙara min.) Baƙin mai ya malale a kan kwalta, aka sanar a lasifika an dakatar da tsere sai an share. Duk filin, masu mota da 'yan kallo, suka taho kaina.

Aka buɗe inji. Ilu ya leƙa, ya daɗe, ya ɗago ya kalle ni. Na san ya gane. Sai ya juya ya ce wa Abu Nasir da Larabci bel ne ya tsinke, tsohon bel ne, yakan faru. Abu Nasir ya dafa motar, idonsa ya yi ja, amma ya ce ƙaddara ce, alhamdu lillahi da na fita lafiya. Mutane suka shiga yi min sannu, wani ya miƙo ruwa.

Da na yi shiru a nan, da yau ba ku ji wannan labari ba. Amma ganin an kewaye ni ana saurarena, karo na farko a filin nan, sai bakina ya buɗe. Na ce ai na ji lokacin da ya tsinke, fat, kamar bulala. Na ce ba don ƙwarewa ba da motar ta juya da ni. Har ina nuna yadda na riƙe sitiyari. Ɗan Sudan ɗin nan ya ce a duba kan kwalta a tsinto guntayen kada su shiga ƙarƙashin wata motar. Gumi ya karyo min. Na sa hannu a aljihu na jawo hankici.

Tare suka fito. Bel ɗin ya warware ya faɗi, ya ɗan gangara a tsaye kamar yaro na wasan gare-gare, ya je ya kwanta a kan takalmin Abu Nasir. Lafiyayye, ko ƙwarzane babu.

Abu Nasir ya sunkuya da ciwon bayansa ya ɗauka. Ya jujjuya shi. Ya tambaye ni tun yaushe yake aljihuna. Na ce tun da muka idar da la'asar. Ɗan Sudan ya ɗora hannu biyu a ka. Wani dattijo a baya ya fara dariya, irin wadda ake ƙoƙarin dannewa ta fito ta hanci, daga nan filin ya ɗauka. Wani ya ce, “Abu Ser,” wato mai bel, kuma shi ke nan an raɗa min suna. Abu Nasir kaɗai bai yi dariya ba.

Ilu ya matso kusa da kunnena ya yi magana da Hausa, ƙasa-ƙasa.

“Yaya, ai a bakin layi ake cirewa, na ƙiftawar ido. Ina isa can nake kashe ta in mayar da shi kafin in dawo. Kullum a gabanka nake yi. Ba ka gani ne?”

Na ce, “Ba na gani.”

A gaban motar da ta ɗauko gawar kunkurun na dawo Shifa, ina kallon farar kunkuru ta madubi. Abu Nasir ya daina yi min magana, saƙo sai ta bakin mai dafa abinci. Na soma haɗa kayana a zuci, ina tunanin yadda zan sauka a Kano in gaya wa matata abin da ya koro ni bayan duk shekarun nan: ba sata ba, ba haɗari ba, fambel. Daga baya mai dafa abincin ya gaya min Ilu ne ya yi ta zarya yana roƙo, ya ce injin zai tashi, kuma ba zai iya aikin shi kaɗai ba sai da ni. Ƙarya yake, zai iya.

Haka na ƙare sanyin bana a istiraha, a tsugune gaban daro, ina wanke ƙarafa da fetur, Ilu yana cewa Bakano miƙo sifana, ina miƙawa. Da muka buɗe injin, fistin ɗaya ya huje, babban yatsana yana shiga ramin, kan bawul ya karye ya daddatse duk abin da ya tarar. Farar ta tashi daga baya, amma ba da ainihin injin da ya ɗauko amarya ba, kuma Abu Nasir bai sake ba ni makullinta ba. Fistin ɗin da bel ɗin ya rataye su a bangon istiraha, daidai inda nake tsayawa da butar gahawa.

Kada ku ɗauka na warke. Har yanzu in na ga rigar nan mai suna a baya sai in ji hassadar ta dawo sabuwa. Sai dai an ba ni sabon aiki ranar Juma'a, kuma Abu Nasir da kansa ya zaɓa min: ni ke tsayawa a can ƙarshen fili da sukudireba, in jira shuɗiya ta iso in mayar mata da bel. Ba filas ɗin shayi a wurin, ba inda zan juya. Duk cin da Ilu zai yi, a fuskata yake ƙarewa.

Abin da na koya bai da yawa. In dai ka ƙuduri yi wa mutum hassada, to ka daure ka kalle shi har ƙarshe. Rabin da ka juya wa baya, a nan ake mayar da bel.