Ranar da Na Tace Man Babur

Ina shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai a Kafanchan na je hutu gidan Kawu Bitrus a Kwoi. Tsohon babur ɗinsa na da hali guda: ko yau aka zuba masa sabon man inji, kafin sati ya koma kamar gawayi. Kawu ya saba, ni ne abin ya hana sakat.

Na karanta a makaranta cewa tacewa tana raba ruwa da datti, saboda haka ban ga dalilin tambayar kowa ba. Mutanen gida na tafiya gona na tsiyaye man a kwano, na ɗauko ƙyallen da matarsa, Mama Saratu, ke tace kamu da shi. Na tace a tsanake, na sake tacewa. Man ya fito baƙi ƙirin yadda ya shiga. Na mayar da shi inji, na wanke ƙyallen da sabulu sosai, na rataye shi inda na same shi.

Washegari ake gayyar haƙar citta, kuma kunun Mama ne abincin masu aiki. Da duku-duku ta tace kamu da ƙyallen, ta dama, ba ta lura ba. A gona wani dattijo ya kurɓa, sannan ya ce, "Saratu, mu za mu sha ko babur?"

Aka zubar da tukunya guda, masu gayya suka watse kafin rana ta take, cittar na ƙasa. Mama ta shinshina ƙyallen, ta dube ni. Na dubi ƙafafuna.

Har yau in na je, takan miƙo min kunu ta ce, "Sha, Injiniya, ko ka tashi ba sai an tura ka ba."