Mutumin Da Ya Kalli Fim Har Ya Daina Cin Abinci

Wani ne, mai shagon takalma. Maƙwabcinsa tsoho zai tashi daga unguwa, sai ya bar masa kwali guda cike da faya-fayen bidiyo. Tsofaffin fina-finai ne marasa kala, baƙi da fari, na kisan kai da 'yan sandan ciki. Gogan naka ko kalma ɗaya ba ya ji a yaren da ake yi a ciki. Amma ina ruwansa? Fuska yake karantawa. Da ya dawo daga shago, ko ruwa bai sha ba, sai ya danna faifai ya zauna baki buɗe.

Kafin wata ya zagayo ya zama gwani. Ya gano cewa duk matar da ta ɗauki waya tana raɗa, mijinta ba ya kai ƙarshen fim. Duk shayin da aka kawo da murmushi, wanda ya sha sai an fitar da shi a kwance.

To, ka san tsautsayi. A daidai lokacin nan ne matarsa ta canja. Matar da a da sai ya yi kira har muryarsa ta dishe kafin ta amsa, yanzu tun daga ƙofa take tarbarsa. Nama ya ƙaru a kwano. Murmushi kuwa har kunne.

Wata safiya yana neman safarsa sai ya jiyo ta a kicin, waya a kunne, tana raɗa.

"Ka bari sai ya fita. Don Allah kada ya sani."

Ya manta da safar, ya jingina da bango. Bai gama farfaɗowa ba sai ga ta da kofi.

"Maigida, ga shayi. Na sa maka madara da yawa."

Ya dubi kofin, ya dube ta. Ya ce, "Ke fara kurɓa."

"Ni na sha nawa."

"Haka suke cewa."

"Su wa?"

Ya ture kofin gefe. Tun daga ranar ya daina cin abincin gidan. In ta ajiye ta juya baya, sai ya juye wa kyanwa, ya zauna yana jiran ta faɗi. Kyanwa ta cinye ta lashe kwano, ta dube shi tana neman ƙari. Ya gyaɗa kai ya ce, "Mai ci a hankali ce wannan gubar." A waje ma bai tsira ba, don mai abincin kusa da shagonsa ta yi masa murmushi, ya ce ita ma da ita aka haɗa baki. Ya koma daga biskit sai ruwan famfo. Wando ya fara zamewa, har sai da ya ƙara huda bel.

Rannan ya ce yau sai ya gani da idonsa. Ya yi sallama kamar zai tafi shago, ya lallaɓa shagon aski da ke kallon ƙofar gidansa. Ya zura rigar ruwa har ƙasa, ya ɗaga wuyanta, ya kifa hula mai faɗin baki. Rana kuwa ta take, ko gajimare ɗaya babu. Da yake ba ya shan taba, sai ya maƙala biro a baki.

Mai aski ya ce, "Maƙwabci, lafiya? Ruwa za a yi?"

"Ba ka san ni ba."

"Haba! Kai da na yi wa aski shekaranjiya?"

"Na ce ba ka san ni ba!"

Yana nan gumi na tsiyaya har cikin takalmi, sai ga wani mutum da baƙar jaka ya ƙwanƙwasa ƙofarsa. Matar ta leƙo, ta duba hagu ta duba dama, ta shigar da shi falo. Can sai aka ja labule. Biro ya faɗo daga bakin gogan. Wallahi tausayin kansa ya kama shi har ya yi ƙwalla, mai aski ya ɗauka zafi ne ya miƙa masa tawul.

Amma ɗan sandan ciki ba ya afka wa mutane haka kawai. A fim, tara kowa ake yi a ɗaki ɗaya. Sai ya buga wa yayansa waya, ya buga wa surukarsa, ya ce su zo maza, maganar rai ce. Suna isowa ya tasa su gaba, ya banka ƙofar falo, ya murza makulli ya jefa a aljihu.

"Kada kowa ya motsa!"

Mai baƙar jaka yana durƙushe a bayan talabijin da sukundireba a hannu. Matar ta dafe ƙirji.

Yayansa ya ce, "Kai, meye haka? Wace irin shiga ce wannan?"

"Yaya, zauna. Mama, ki yi haƙuri, ki zauna. A cikin ɗakin nan akwai mai son ganin bayana."

Ya ciro tocila ya haska fuskar matarsa, da rana tsaka. Ya fara zagaye falon, hannu ɗaya a baya, ɗayan yana riƙe da wando.

"Wa kike wa raɗa a waya? Me ya sa nama ya ƙaru? Murmushin na mene ne? Wa ya ja labule? Ke da wannan mutumin kuna sa mini guba!"

Surukar ta saki salati. Mai jaka ya ce, "Ni? Ranka ya daɗe, ni mai gyaran talabijin ne. Labule kuma haske ne ya hana ni ganin gilashin."

Matar ta fashe da kuka. Ta ce, "Mama, ranar da ya kawo kwalin nan na goge gilashin talabijin da ruwan sabulu. Da ya kunna, sai na ga babu kala ko ɗigo. Na ce shi ke nan, na wanke masa kalar talabijin. Shi ya sa na shiga lallaɓa shi da nama da murmushi, na kira mai gyara a ɓoye. Da ya ƙi shan shayina na ɗauka fushi yake yi. In ya fita, faifai bayan faifai nake sawa ko kala za ta dawo. Babu wanda ban kalla ba!"

Mai gyara ya ce, "Tun zuwan farko na gaya mata fina-finan ne haka. Ta ce in dai sake dubawa."

Gogan ya ɗan yi turus, amma bai saduda ba. Ya nuna ƙarƙashin kujera.

"To kyanwar fa? Ita ke cin abincina. Ga ta can ko motsi ba ta yi!"

Yayansa ya sunkuya ya jawo ta da ƙyar. Ta yi suntum kamar matashin kai. Ta buɗe ido ɗaya, ta yi hamma, ta koma barci.

"Wato girkin da nake tsayuwa a kan wuta ina yi, kyanwa kake ba?" in ji matar. Kukan ya tsaya cak. "Kuma ni ce mai guba? A gaban uwata?"

Ta shige ɗaki. Aka ji ana jan durowa, ana buga murfi. Ta fito da akwati a hannu.

"Mama, tashi mu tafi. Kai kuma buɗe ƙofar nan."

Nan ido ya raina fata. Ya cire hular, ya buɗe ƙofa, ya bi ta har bakin titi, rigar ruwa na harɗe masa ƙafa.

"Haba uwargida! Tsaya mana! Ai a fim, daidai nan ne matar take juyowa ta ce ta yafe."

Ta juyo, ta dube shi daga sama har ƙasa.

"A wanda na kalla jiya, daidai nan ne take harbe shi. Ka gode wa Allah akwati ne a hannuna."