Rasuwar Kaka, Kunnen Jirgin Gidan Pyo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma ba ta kwanta ba, Pyo Eun-sil ta tsibirin Namhae tana sanar da masunta rasuwar Kaka, na'urar neman kifi ta jirgin gidansu.

Marigayiyar ba mai surutu ba ce. “Tik,” take cewa cikin teku, ta yi shiru, ta saurari abin da ya dawo. Dutse na amsa mata da ƙarfi, laka da sanyin murya, garken kifi kuwa ya fito a fuskarta kamar gajimare. Tun Eun-sil tana ƙarama suke zaune tare a ɗakin tuƙi, ita ke karanta wa masu jirgi fuskar Kaka, kuma Kaka ba ta taɓa ce mata, “Ɗaga murya, ba na ji,” ba.

Jinyarta gajera ce. Ranar da aka mayar da jirgi ruwa bayan gyara, ta yi kira, sai amsa ta dawo a cakuɗe daga ko'ina. Kumfa kifi, ciyawa kifi, ƙasan teku ma kifi. Aka jefa raga, ta fito da ruwa. Daga nan fuskarta ta cika da tsaki-tsaki, ta dushe.

Yayan Eun-sil, Dong-chul, ya ce, “Tsufa ne, Auta. Sabuwar na'urar da zan sa, da kanta take karantawa. Ke ki koma rumfar kasuwa, ko bakinki ya buɗe.”

Eun-sil dai tana son a sani cewa kwalin sabuwar ya riga ciwon isowa gida. Kuma da ruwa ya janye, ta shafa ƙarƙashin jirgi, ta tarar an lafta wa kunnen marigayiyar, wanda ke manne a can, jan fenti mai kauri. Kawu Man-bok, wanda ya riƙe bokitin fentin, ya ce, “Ni ban ga komai ba, 'yata, idona ya mutu.” Jiya kuwa shi ya hango kwalbar giya daga can ƙarshen gadar da jirage ke tsayawa.

Ta rasu ta bar rediyo mai tari, da tsohon inji, da Eun-sil, wadda ba ta iya kallon idon mai ciniki.

Za a karɓi gaisuwa a bakin gada, akwai miyar nama mai yaji da shinkafa. Ana roƙon duk wanda ya taɓa jirgin ya zo ba safar hannu, domin jan fenti ba ya saurin fita a farce. Ba a sa ranar binnewa ba. Gawar tana nan a mazauninta cikin ɗakin tuƙi, mai makoki tana gefenta, kuma ko jirgi zai fita da asuba, ba ta sauka.